Rabon fegi a ƙauye: wa ke yankewa, kuma wa ya cancanta?

 Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan karon a kan wata magana ne da kan taso a ƙofar masallaci bayan la'asar, wani lokaci kuma sai a gaban alƙali take ƙarewa: yanka gonakin bakin gari domin a raba wa jama'a fegi su gina muhalli.

Dalilin tasowarta a bayyane yake. Ƙidayar 2001 ta samu mutanen Nijar wajen miliyan 11, ta 2012 kuwa ta samu miliyan 17. Gidan da kaka ya kewaye da darni domin iyalinsa, yau jikoki ne cike da shi, saurayi ya yi aure ya rasa inda zai kafa ɗaki. Sai ga daminar 2024, wadda ambaliyarta ta kashe fiye da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan 1, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Da yawa daga gidajen da suka rushe a kwari aka gina su, a kan hanyar ruwa, domin can ne talaka ya iya samun wuri.

Mu fara da wanda ke da ikon yankewa. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince cewa gonar da mutum ya mallaka bisa al'ada tana da kariya daidai da wadda ke da takarda. Daga wannan doka aka samu kwamitocin kula da ƙasa, tun daga ƙauye, inda maigari ke shugabanta, har zuwa ƙaramar hukuma da gunduma. Bayan zaɓen 2004 ƙananan hukumomi suka samu magadan gari da majalisu, aikin yanka filaye ya shiga hannunsu. A 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙon ƙwarya. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, maigari shi kaɗai ba ya raba fili, haka ma ma'aikaci ba ya saukowa daga mota ya kafa turaku ba da sanin masu gonaki ba.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da tsara wannan babi. Sun ce kowane gari yana da haraminsa, wato kewayen da mutanensa ke yin itace, dabbobinsu ke kiwo su komo a yini guda, kuma ba ya halatta mutum ɗaya ya keɓe shi wa kansa. Sun kuma ce matacciyar ƙasa da ke kusa da gari ba a raya ta sai da izinin shugaba, saboda kusancinta na sa kowa ya sa mata ido. Ke nan burtali da makiyaya da bakin tabki da maƙabarta ba ragowar fili ba ne da za a cusa cikin lissafin fegi. Duk garin da ya toshe burtali da gini, ya sayi rigimar manomi da makiyayi da hannunsa.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan a kan Kufa, garin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kafa a Iraƙi a shekara ta 17 bayan hijira, bisa umurnin Sayyidina Umar. Masallaci aka fara shatawa. Aka sa wani gwanin baka ya harba kibiya ta kowace fuska, aka hana gini a cikin abin da kibiyar ta ƙetare, ya zama filin jama'a. Manyan hanyoyi aka ba su kamu 40, masu bi musu 30 da 20, lungu kuma kamu 7, ba a yarda ya gaza haka ba. Wannan kamu 7 yana da asali a hukuncin Manzon Allah (SAW) game da hanyar da aka yi saɓani a kanta, kuma ya kai wajen mita uku da rabi, abin da amalanke zai wuce, a kuma fita da gawa ba tare da an karkata makara ba. Da gobara ta cinye bukkokin kara na farko, Umar ya yarda a yi ginin ƙasa, da sharaɗin kada mutum ya wuce ɗaki uku, kada kuma a yi gasar tsawon gini. A lura da jerin: abin jama'a tukuna, sannan na ɗaiɗaiku. Mu kuwa sau da yawa sai an gama rabon fegi ake tuna makaranta da rijiya.

Sai mai gona. Buƙatar jama'a ba ta share haƙƙinsa. Filin masallacin Madina na marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Sun so su bayar kyauta, Manzon Allah (SAW) ya ƙi karɓa sai da kuɗi. In haka aka yi domin masallaci, to ina ga filin da za a sayar? Ko kuɗi za a ba shi ko wani kaso na fegin, a yi a gaban shaidu, a rubuta, kuma a nemo mata da marayun da ke da rabo a gadon, domin su ne aka fi mantawa ranar sa hannu.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne wajen rabo. A ce fegin na marasa ƙarfi ne, amma a wayi gari mai kuɗi daga birni ya kwashe goma da sunayen yaransa, ya kafa turaku ya tafi yana jiran su yi tsada. Sayyidina Umar ya tarar da irin wannan: an ba Bilalu ɗan Harisu fili mai faɗi a kwarin Aƙiƙ, ya kasa raya shi duka, sai Umar ya bar masa abin da zai iya, ya raba wa mutane sauran. An kuma ruwaito ya ba wanda ya killace ƙasa wa'adin shekara uku. A ganinmu duk rabon da ba a ɗaura masa wa'adin gini ba, ba a kuma karanta sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a ba, ciniki ne aka yi wa laƙabin taimako. A fara da wanda ruwa ya ci gidansa, da gwauruwa mai marayu, da magidancin da ke raɓe a zauren wani.

Samun fegi kuma ba shi ne samun gida ba. In aka shardanta bulon siminti da kwano, an kori talaka ta bayan gida. Azara ta yi tsada tun da giginya ta yi ƙaranci, shi ya sa tun 1980 aka fara koya wa magina a Cikal, cikin yankin Filinge, ginin tubalin ƙasa mai rufin baka da ƙubba wanda ba ya buƙatar itace ko kaɗan. Wanda ke ganin ginin ƙasa ƙasƙanci ne, ya je Yama a jihar Tawa ya ga masallacin Juma'ar da Falke Barmu ya gina, wanda ya samu lambar Aga Khan a 1986. Sharaɗinsa dai a gina a tudu, a ɗaga tushe, a sa indararo mai tsawo, a sabunta yaɓe kafin damina. Kwamiti kuma ya keɓe wurin ɗibar ƙasa nesa da gidaje tun ranar shata fili, kada kududdufi ya tsaya a tsakiyar sabuwar unguwa, ya tara sauro, ya ci yara.