Mu Zauna Mu Yi Lissafi Kafin Yaro Ya Tafi Jami'a

Karatu: Luka 14:28-30, Farawa 41:46-49

A ƙauyukanmu na Sheme da kewaye, mun sha ganin yaro ya ci jarrabawa, ya sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Ahmadu Bello a Zariya, amma ya ƙare a gida. Kuɗin rajista bai samu ba har aka rufe. Sau da yawa matsalar ita ce mun fara neman kuɗi bayan takardar shiga ta iso. A cikin Luka 14, Yesu ya ba da misalin mai gini wanda ya kamata ya zauna ya lissafta abin da aikin zai ci tun bai sa harsashi ba. Karatun yaro ma gini ne. Shirinsa yakan fara shekara guda kafin tafiya.

Wane taimako ne akwai?

A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar rancen ɗalibai, aka kuma buɗe shafin nema na asusun NELFUND a watan Mayu na wannan shekara. Rancen na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, kamar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Babu kuɗin ruwa a kansa. Kuɗin makaranta ana biyansa kai tsaye ga makarantar. Wanda ya nemi kuɗin guzuri kuma, an fara da naira 20,000 a wata a asusunsa. Biya yana farawa shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na ribar sana'a.

Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Katsina kuwa kyauta take bayarwa ga 'yan jiha. Don wannan, yaro yana bukatar takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarsa, ko Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa.

Mu fara da takardu

Mai neman rance yana bukatar lambar JAMB, takardar shiga makaranta, lambar NIN, lambar BVN da asusun banki da sunansa. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da NIN. A nan ne yaranmu da yawa suke tuntuɓe. A firamare an rubuta Bitrus, a sakandare ya koma Peter. Wata Maryamu ce a takardar baftisma, Mary ce a banki. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Mu zaɓi suna ɗaya, rubutu ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, mu duba kowace takarda tun yaro yana aji 2 na babbar sakandare. Gyara yana cin watanni da kuɗin mota zuwa Funtuwa.

Iyalai da yawa sun rasa takardunsu sa'ad da suka gudu daga 'yan bindiga. Mu yi kwafi biyu, ɗaya wurin fasto, ɗaya wurin ɗan'uwa a gari, mu kuma ɗauki hotonsu a waya.

Abin da rance ba zai yi ba

Rance ba ya sayen fom ɗin JAMB, kuma ba ya isowa ranar da yaro zai hau mota. Kuɗin tafiya, ɗaki, katifa da abincin watannin farko suna wuyanmu. Yusufu ya tara hatsi a shekarun ƙoshi. Mu ma da kaka mu ware buhun masara ko na waken suya, ko akuya ɗaya, mu ce wannan na karatu ne, ba za a taɓa shi don biki ba. Zumuntar mata za ta iya yin adashi na musamman, ikkilisiya kuma ta keɓe baiko ɗaya a shekara.

Neman rancen kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa sunan yaro, kada mu yarda. Idan a shagon intanet za a cika, yaro ya zauna a wurin, ya sa lambar wayarsa, ya riƙe lambar sirrinsa. Mu kuma faɗa masa a fili cewa wannan bashi ne. Idan ya biya, ƙannensa za su samu.

Don tattaunawa

1. Yara nawa ne a ikkilisiyarmu za su gama sakandare bana, maza da mata? Wa ya duba takardunsu?
2. Wane ne a cikinmu ya taɓa shiga babbar makaranta, wanda zai iya zama da iyaye su yi lissafi tare?
3. Marayu da 'ya'yan gwauraye, wa zai tsaya musu?

Mu rufe da addu'a, muna ambaton yaran nan ɗaya ɗaya da sunayensu.