Ƙasa ba ta burmawa haka kawai

Aikina binciken ƙasa ne kafin a ɗora gini, kuma wurin da na fi yin taka-tsantsan shi ne inda dutsen farar ƙasa ko danginsa dolomait ke kwance a ƙarƙashi. Ruwan sama na ɗauke da ɗan tsami. Shekaru dubbai yana bin tsagar dutsen yana lasarsa, har a samu kogo. Ƙasar da ke sama kuwa tana nan shafe, har da ciyawa, kamar rufin soron da gara ta cinye azararsa.

Kogon shi kaɗai yakan daɗe bai taɓa kowa ba. Abin da ke tsokano shi ruwa ne, ko ya yi yawa daga sama, ko a janye na ƙasa. A yankin Carletonville na Afirka ta Kudu, kamfanonin haƙar zinariya sun zuƙe ruwan da ke cikin dolomait don su kai ga ma'adinin. A 1962 ƙasa ta haɗiye ginin niƙa dutse a mahaƙar West Driefontein, mutum 29 suka rasu. A 1964 a Blyvooruitzicht, gida ya nutse cikin dare da iyali mutum biyar.

Amma abin da na fi cin karo da shi bai kai haka girma ba: bututun ruwa ne mai yoyo da aka yi wata da watanni ana cewa gobe za a gyara. Ruwan na jan ƙasa kaɗan-kaɗan zuwa cikin kogon, ramin na hawowa sama. Idan muna haƙa, sai ka ji ƙarfen ya zurma babu turjiya, ƙurar da ke fitowa ta ɗauke cak. A nan mai injin kan juyo ya dube ni, ba sai ya ce komai ba.

Mai gida ma yana iya ganin alamu. Tsaga a tsakar gida mai lanƙwasa kamar za ta zagaye, ƙofa ta fara cijewa, katanga ta karkata, ko ruwa ya taru ya ɓace nan take.

In rami ya buɗe, a ja baya sosai, domin bakinsa rataye yake, kuma nan 'yan kallo ke cincirindo. Kada a cusa masa shara. A rufe famfo, a karkatar da magudana, sannan a kira injiniya. Wajen cike ramin, mukan fara da manyan duwatsu a maƙogwaronsa, sai tsakuwa, sai ƙasa a daddaɓe bi da bi.