Ƙwallo da Kasada a Fuskar Talabijin: Amfani da Illar Wasannin Bidiyo

Gabatarwa

A manyan garuruwan ƙasar Hausa an san ɗan shagon nan da samari ke kira gidan gem, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallon ƙafa a na'urar PlayStation. Iyaye da malamai sun rabu biyu a kan wannan sha'ani. Wasu na ganin ɓata lokaci ne kawai, wasu kuma na cewa yana kaifafa basira. Wannan maƙala ta ɗauki rukuni biyu na wasannin bidiyo, watau masu kwaikwayon wasannin motsa jiki kamar ƙwallo da tanis, da kuma na kasada, inda ɗan wasa ke ratsa wata duniya ta ƙage yana warware matsaloli. Binciken masana ya nuna cewa amfaninsu gaskiya ne, amma ya taƙaita ga fasahar da wasan ke horarwa. Illarsu kuwa yawanci tana shigowa ne ta ƙofar lokaci da ta kuɗi.

Asalin rukunan biyu

A shekarar 1958 wani masanin kimiyyar fiziya, William Higinbotham, ya haɗa wasan tanis a wata na'urar awo a ɗakin bincike na Brookhaven da ke Amurka, domin nishaɗin masu ziyara. A 1972 kamfanin Atari ya fitar da Pong, wanda ya kai irin wannan wasa kasuwa. Ƙwallon ƙafa ya sami gindin zama da fitowar FIFA International Soccer a 1993, daga kamfanin EA, wanda ya canza wa jerin suna zuwa EA Sports FC a 2023. Abokin gasarsa, Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami na Japan, ya koma eFootball a 2021.

Wasan kasada kuwa da rubutu zalla ya faro. A 1976 Will Crowther ya rubuta Colossal Cave Adventure, ya gina shi bisa tsarin wani kogo na gaske da ke jihar Kentucky. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ce ke bayyana wuri da kalmomi, ɗan wasa kuma ya rubuta umarni da kalma ɗaya ko biyu. Daga baya aka sami masu hoto, irin su The Legend of Zelda na Nintendo a 1986 da Tomb Raider a 1996.

Abin da kowanne ke koyarwa

Wasan ƙwallo na bidiyo yana buƙatar ido da yatsu su yi aiki tare cikin ƙiftawar ido. Ɗan wasa yana lura da 'yan wasa da dama a lokaci guda, yana yanke shawarar inda zai tura ƙwallo. Ta haka yakan fahimci dokoki irin su satar gida, da dabarun jera 'yan wasa a fili. Bugu da ƙari, wasa ne na zumunci, domin yawanci mutum biyu ko fiye ke zama wuri ɗaya suna fafatawa. Wasu wasannin na wannan rukuni sun tara bayanai masu inganci, har ta kai a 2008 ƙungiyar Everton ta Ingila ta ƙulla yarjejeniyar amfani da taskar bayanan wasan Football Manager wajen neman 'yan wasa.

A 2003 Shawn Green da Daphne Bavelier na Jami'ar Rochester sun buga sakamakon wani bincike a mujallar Nature, wanda ya nuna cewa wasanni masu sauri suna ƙara wa mutum iya lura da abubuwa da yawa a gabansa. Sai dai wasan harbi suka yi amfani da shi wajen horar da mutanen da suka gwada, don haka ba daidai ba ne a ɗora sakamakon kai-tsaye a kan wasan ƙwallo.

Shi wasan kasada haƙuri da tunani yake nema. Dole ɗan wasa ya riƙe taswira a kansa, ya tuna inda ya ga ƙofa a kulle, ya gano mabuɗinta, ya sake gwadawa idan ya faɗi. Simone Kühn da abokan aikinta a Cibiyar Max Planck ta Jamus sun sa wasu manya sun buga Super Mario 64, wasan da ake yawo a cikin duniya mai faɗi da zurfi, na minti 30 a kullum har wata biyu. A rahotonsu na 2014 sun ce sun ga ƙaruwa a wasu sassan ƙwaƙwalwa, ciki har da hifokamfas, sashen da ke kula da tunawa da gane hanya. Har ila yau, yawan karatun da ke cikin wasannin kasada yakan ƙara wa ɗalibi kalmomin harshen da aka rubuta su da shi. A 2018 kamfanin Ubisoft ya fitar da wani sashe na Assassin's Creed Origins wanda babu faɗa a cikinsa, sai zagayen ilmi a tsohuwar Masar.

Inda rauninsu yake

Babban raunin wasan ƙwallo na bidiyo shi ne yatsu ke gudu, jiki na zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki sosai na kimanin minti 60 a kowace rana. Ko wasan Wii Sports na 2006, wanda ake tsayawa ana wurga hannu, bai cike wannan gurbi ba. Masu bincike a wata jami'a ta Liverpool sun gano a 2007 cewa ya fi wasan zaune ƙona kuzari, amma bai kai wasan gaske a fili ba.

Rauni na biyu na kuɗi ne. A 2009 EA ya shigo da tsarin Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin katunan 'yan wasa ba tare da sanin waɗanda ke ciki ba sai an buɗe. Tun a shekarun 1950 masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna, ta hanyar gwaji da tantabaru, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi sa a nace wa aiki. A kan wannan ƙa'ida caca ke tafiya. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa sayar da irin wannan ƙunshi da kuɗi caca ne, kuma a farkon 2019 kamfanin ya daina sayar da makin da ake sayensa da shi a ƙasar.

Raunin wasan kasada kuwa tsawonsa ne. Wasan ƙwallo yana da busar tashi bayan 'yan mintoci, amma labarin kasada kan ci sa'o'i gommai, kuma ana tsara shi yadda ƙarshen kowane mataki zai buɗe ƙofar wani. Mai cewa "saura kaɗan" sai ya ji kiran assalatu. Rashin barci kuwa yana raunana haddar abin da aka koya da rana, watau ya rushe amfanin da ake fata. Haka kuma yawancinsu mutum ɗaya ke bugawa shi kaɗai, wasu kuma cike suke da zubar da jini. Dalili ke nan da ya sa tsarin PEGI na Turai, wanda aka fara a 2003, yake buga lambar shekaru a jikin kwali: 3, 7, 12, 16 ko 18.

Yaushe wasa ke zama cuta?

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo a cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin uku ne: mutum ya kasa iyakance wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba da shi duk da ɓarnar da yake gani. Yawanci sai sun ɗore na aƙalla wata 12, sun kuma taɓa karatu ko sana'a ko zaman iyali, kafin likita ya kira abin cuta. Hukumar ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kai su ga wannan matsayi.

Kammalawa

Hausawa na cewa zuma ga zaƙi ga harbi. Ma'aunin da ya fi dacewa ga iyaye da malamai shi ne su duba abin da wasan ya ture daga rayuwar yaro. Idan barcinsa da karatunsa da ibadarsa da ƙwallonsa na fili suna nan yadda suke, to wasan nishaɗi ne mai ɗan amfani. Idan ɗaya daga cikinsu ya fara raguwa, lokacin sa baki ya yi. Abin da ya kamata shi ne a ƙayyade lokacin tashi tun kafin a kunna na'ura, a duba lambar shekarun da ke jikin wasa, a fitar da na'ura daga ɗakin kwana, a kuma hana sayen duk wani ƙunshin da ba a san abin da ke cikinsa ba.