Darasi Daga Labarin Rabi

In kin karanta Alhaki Kuykuyo Ne, littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu na 1990, to kin san Rabi. 'Ya'ya tara ta haifa wa Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a birnin Kano, amma kuɗin cefanen da yake bayarwa ba sa zuwa ko'ina, ita ke cikawa. Hankalinsa da aljihunsa suna wajen Delu, matar bariki. Da ya auro ta rigima ta ɓarke, ya saki Rabi, ya kore ta da yaranta.

Mu mata mun fi saurin tsine wa Delu. Dakata ki dubi maigidan tukuna. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta tana cikin idda. Ci da suturar yara kuwa suna wuyan uba, da aure ko babu. Duk biyun Alhaji ya take su. A birni kuma abin ya fi ciwo, don ba rumbu ba gona, ga kuɗin haya, ruwa ma wani lokaci sai an saya. Da sayar da abinci Rabi ta riƙe yaran, har ta aurar da Saudatu.

Ƙarshen ne ya tsaya min a rai, wallahi. Gobara ta cinye rumfar Alhaji, zamansa da Delu ya watse, sai aka taru a kan Rabi wai ta yi haƙuri ta koma. Ta koma ba da son ranta ba, kuma tukunyarta ce ke ci da gidan, har da shi.