Darasin Wannan Mako: Kwata, Bola Da Dokokin Muhalli A Legas

'Yan uwa mazauna Legas, darasinmu na yau a kan dokokin tsaftar muhalli ne da hukuma ke ta ƙara tsanantawa. Da yawanmu ba mu san da dokar ba sai ranar da aka garƙame kasuwa ko aka kama yaro da kurarsa ta shara. To gara mu san abin tun kafin ya zo kanmu.

Aikin wa ne?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kula da kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da banɗakunan jama'a, da kwashe shara, da gina magudanan ruwa na cikin unguwa. Jihar Legas tana da ƙananan hukumomi 20, sannan da wasu 37 da aka ƙirƙira a 2003 waɗanda ake kira LCDA, jimla 57 ke nan. Kowacce tana da ciyaman da kansiloli da ma'aikatan duba-gari, waɗanda Yarabawa ke cewa wole-wole.

Sai dai a nan Legas gwamnatin jiha ce ke riƙe da babban kaso na aikin shara, ta hannun hukumar LAWMA. Ita ke raba unguwanni ga kamfanoni masu motocin shara da ake kira PSP, kowane gida kuma ya biya kuɗin wata. Manyan magudanai na ma'aikatar muhalli ta jiha ne, ƙananan kwatoci na cikin layi kuwa na ƙaramar hukuma ne da masu gidaje. Sanin wannan yana da amfani, domin wanda ya kai kukan kwatar layinsu Alausa ya tsallake ofishin da ke kusa da shi.

Me ya sa suka matsa haka?

Legas ba kamar Kano ko Sakkwato ba ce. Gari ne da ke kwance a bakin teku, ga tafki ya ratsa shi, wurare da dama fadama ce aka cike aka yi gini. Duk ruwan da ya sauka a kan kwanon gidanka sai ya bi kwata, ya faɗa babbar magudana, daga nan ya zuba a tafki. Idan tafkin ya cika ya tumbatsa, ruwan magudana ba ya samun wurin zuba, sai ya tsaya ko ya dawo baya. Masana sun tabbatar da cewa ɗumamar duniya tana sa ruwan teku ƙara hawa sannu a hankali, tana kuma sa a riƙa samun ruwan sama mai yawa a lokaci guda. Wannan shi ne sauyin yanayin da kuke ji a rediyo. Can gida yana zuwa mana da fari da zafi, wani lokaci da ambaliya. Nan kurmi galibi da ruwa yake zuwa.

Mun gani a ranar 3 ga Yuli 2024, da aka wuni ana ruwa, hanyar Iyana-Oworo ta koma kogi, motoci suka nutse. 'Yan uwanmu na wajen Isheri da Agiliti da Kara kuwa sun san abin da ke biyo baya idan kogin Ogun ya cika aka saki ruwan madatsar Oyan. Hawan teku ba a hannunmu yake ba. Amma idan hanyar da ruwa zai bi ta toshe da leda da roba, ruwan awa biyu ma ya isa ya shiga ɗaki. LAWMA ta ce Legas na fitar da shara kusan tan 13,000 a kowace rana. Ku duba, ko kaɗan daga ciki ne ya faɗa kwata, ai an gama.

Ruwan ambaliya kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana kwaso abin da ke cikin masai ya haɗa da rijiya. A watan Yunin 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas, an yi asarar rayuka.

Dokokin da suka shafe mu kai tsaye

Ta farko, robar kumfa. A watan Janairun 2024 kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ya sanar da haramta farar robar zuba abinci da muke kira tekawe. Dalili shi ne ba ta ruɓewa, ba mai sayenta a jari-bola, kuma saboda rashin nauyi takan yi iyo ta taru a bakin kwalbati. Daga 1 ga Yuli 2025 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da tsinken shan lemo da kofuna da cokulan roba na amfani sau ɗaya, da leda mai shara-shara wadda kaurinta bai kai maikiron 40 ba. Ledar fiya-wata da gorar ruwa ba sa ciki. Masu tsire da masu shayi da masu sayar da abinci da 'yan tireda, wannan taku ce.

Ta biyu, sharar kasuwa ta ranar Alhamis. Ba a buɗe shago sai ƙarfe goma na safe. An ware lokacin ne don shara da yashe kwata, amma wasu sun mai da shi lokacin ƙarin barci ko hira a bakin rumfa.

Ta uku, rufe kasuwa. A watan Oktoban 2023 an garƙame kasuwar Mile 12 saboda ƙazanta, a daidai lokacin da aka rufe wasu kasuwanni irin su Ladipo da Oyingbo. A watan Yunin 2025 kuma aka rufe mayankar Oko-Oba ta Agege na ɗan lokaci. Mai sayar da kayan gyaran mota zai iya jiran mako guda, ƙarfe ba ya ruɓewa. Amma ɗan gwari da ya sauke motar tumatir daga Kano ko Jos, kwana biyu kacal sun isa jarinsa ya zama ruwa. Asarar kuma ba a Legas take tsayawa ba, har manomin da ke jiran kuɗinsa a gida sai ta taɓa.

Ta huɗu, masu kurar shara. Gwamnatin jiha ta haramta sana'ar, tana cewa ana juye sharar a magudanai da dare. Mun san yaranmu da yawa da ita suke ci. Mun kuma san akwai lungunan da motar PSP ba ta iya shiga, shi ya sa masu gida ke kiran su. Duk da haka doka tana nan, ana ƙwace kura, ana kai mutum kotu. Wajibi ne shugabanninmu su zauna da hukuma a nema wa yaran nan hanyar rajista, musamman a harkar tattara gora da gwangwani da kwali, domin wannan kaya ne da ke da masu saye. Ɗan jari-bola dama can aikin rage shara yake yi.

To mene ne namu?

Kowane gida da shago ya san kamfanin PSP na layinsu, a biya, a ajiye rasit. Rasit ɗin nan shi ne hujjarka ranar da duba-gari ya zo. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, a fitar da mutum ɗaya mai tara kuɗin.

Kada a ƙona shara a bakin gida. Hayaƙin leda yana cutar da ƙirjin yara da tsofaffi. Kada kuma a jira hadari ya haɗu a juye bola a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Ba inda za ta je sai ƙofar maƙwabci na gangare.

A nan masallaci, bayan an idar da sallah, ledojin fiya-wata da aka yi alwala da su kan cika titi. Kowa ya ɗauki tasa ya saka a buhu. Maƙwabtanmu suna gani, kuma idan kwata ta toshe baƙo ake fara nunawa.

Sannan mu shiga ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA, mu riƙa zuwa taro. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Muna biyan kuɗin tikiti da na rumfa kullum, saboda haka muna da bakin tambayar kansila: yaushe za a yashe kwatar layinmu, ina banɗakin kasuwa, ina kwandon shara? A je a ƙungiyance, da takarda a rubuce, tare da Sarkin Hausawa ko wakilinsa. Jihar ta kuma ware 14 ga Yuli ta kowace shekara don dashen itace. Wanda ke da ɗan fili a gaban gida ko makarantar Islamiyya, ya nemi dashe ya saka.

Kwamitin matasa su duba kwatar gaban masallaci da magudanar wurin alwala kafin Juma'a mai zuwa. Allah ya kare mu daga ambaliya da annoba, ya albarkaci kasuwancinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin. Wassalamu alaikum.