Furen Ziniya: Ado a Gida, Amfani a Lambu

Ziniya wani fure ne mai son rana da zafi. Asalinsa daga ƙasar Meziko ne. An sa masa sunan wani masanin tsirrai Bajamushe, Johann Zinn, wanda ya rasu a 1759. Akwai ja, da fari, da rawaya, da ruwan goro, da ruwan hoda.

Amfaninsa

Wasu na cewa fure ba ya shiga tukunya. Amma mai noman kabewa ko kankana yana da buƙatarsa. Waɗannan tsirrai suna da fure namiji da fure mace. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure, mai kama da bununin gero, daga namiji zuwa mace. In babu ƙudan zuma, ƴaƴan sai su kaɗe tun suna ƙanana. Ziniya tana jawo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Saboda haka shuka ta a gefen lambu dabara ce.

Yadda ake shukawa

1. A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6 a yini.
2. A sassauta ƙasa, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. Ziniya ba ta son inda ruwa ke kwanciya.
3. A shuka irin sama-sama. Kada zurfin ya kai gaɓar yatsa.
4. A bar tazarar taƙi 1 tsakanin tushe da tushe.

Irin yana tsirowa cikin mako 1. Fure yana fitowa bayan kamar wata 2. Ana shukawa da farkon damina, ko da rani in akwai ban ruwa. Gara a shuka ta inda za ta zauna, don ba ta cika son dashe ba.

Wanda ba shi da fili yana iya amfani da tsohuwar tukunya ko bokiti. A huda gindin don ruwa ya riƙa tsiyaya. A ajiye a tsakar gida ko bisa soro, inda awaki ba za su kai ba.

Kulawa

A zuba ruwa a gindi da safe, ba a kan ganye ba. Jiƙa ganye da cunkoso suna kawo cuta. Alamarta ita ce ɗigo-ɗigo, ko wani farin abu kamar toka a ganye. A cire ganyen da ya kamu, a ƙone.

In tsiron ya kai tsawon taƙi 1, a tsinke kansa. Zai yi rassa da yawa. Furen da ya yi yaushi a yanke shi, wani sabo zai fito.

Kada a fesa maganin ƙwari a kan buɗaɗɗen fure. Yana kashe ƙudan zuma.

Ajiye iri

Ziniya shekara 1 take yi ta mutu. A bar manyan furanni su bushe a jikin uwar. A murtsuke su, irin zai fito kamar kan kibiya. A shanya a inuwa, a ƙunshe a takarda, a rubuta suna da kwanan wata.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai kabewa ke buƙatar ƙudan zuma?
2. Ina ake zuba wa ziniya ruwa?
3. Yaya ake ajiye irinta?