Idan Ogzilari Ya Ƙi Shiga: Jan Hankali ga Masu Tsofaffin A-kori-kura

Duk wanda ya san ƙasar Katsina ya san kwalta iyakarta manyan hanyoyi. Da zarar mota ta sauka daga titin Jibiya ko na Kaita ko na Batsari ta nufi ƙauye, to da rani rairayi za ta tarar, daga watan Yuni zuwa Satumba kuwa laka da rafuka. Shi ya sa fataken hatsi, da malaman gona, da ma'aikatan rigakafi, da masu haƙar rijiyar burtsatse ba su da abokiyar tafiya kamar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da L200. Sai dai sau da yawa ranar da mota ta kafe a tsakiyar rafi, ranar ce direba zai gane ogzilarinsa, wato giyar jan ƙafa huɗu, ya daɗe da mutuwa: ya ja giya, tayoyin baya na ta haƙa rami, na gaba ko motsi.

Mafi yawan irin wannan matsala ba daga cikin giyabos take ba. Ƙananan abubuwa ne masu araha, waɗanda rashin amfani ya kashe. Mai motar da ya san yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya zai tsira da kuɗinsa.

Yadda abin yake aiki

Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, ya fito da mai jan ƙafa huɗu a 1979. A irin waɗannan motoci akwai wani ƙaramin akwati a bayan giyabos, makanikai na ce masa tiransifa, shi ke raba ƙarfin inji tsakanin farfelar baya da ta gaba. Ƙaramar sandar giyar da ke kusa da babbar ita ke sarrafa shi, kuma tana da matsayi huɗu. H2 na tafiyar yau da kullum ne, baya kaɗai ke ja. H4 na rairayi da santsi ne. L4 na hawan tudu da fita daga laka, ƙarfi da yawa, gudu kaɗan. N kuwa ba ya tura ƙarfi ko'ina.

Amma ƙarfin ba ya isa ƙasa sai an haɗa tayoyin gaba da aksul ɗinsu. A tsofaffin motoci akwai makulli a cibiyar kowace tayar gaba, an rubuta FREE da LOCK a jikinsa, da hannu ake murɗa shi. Daga wajen 1989 Toyota ta fara sa wa wasu motocinta wani tsari da ta kira ADD, wanda ke haɗa aksul ɗin gaba da kansa, da farko ta hanyar zuƙar iska daga inji, daga baya ta hanyar ɗan injin lantarki. A Hilux ɗin da ta fito a 2015 ma an cire sandar, an sa maɓalli. Saboda haka matakin farko shi ne mutum ya san wace iri ce tasa.

Ya kuma kamata ya tuna inda motar ta fito. Da yawa daga cikin tsofaffin da ke yawo a Katsina 'yan Kwatano ne, sun shigo ta Maraɗi da Jibiya kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017. Wasu kuma a gwanjon ma'aikatu da ƙungiyoyi aka same su. Irin waɗannan kan yi shekaru suna zirga-zirga a cikin gari tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa ba wanda ya taɓa ƙaramar giyar.

A fara da ido

Kafin a ɗauki sifana, a leƙa ƙarƙashin motar a ga ko farfelar gaba na nan. Ba abin dariya ba ne. Akwai masu cire ta idan ta fara ƙara, ko da zaton za a rage shan mai, sannan a sayar da motar a haka. Daga nan a duba makullan gaba, dukansu biyu su kasance a kan LOCK. Idan yaron mota ya murɗa ɗaya ya manta ɗaya, ƙarfin zai zurare ta ɓangaren da ke sake, motar ta zama kamar ba a sa mata komai ba.

Sai tayoyi. Al'adar sayen taya 'yar Beljiyam ɗaya-ɗaya, wannan babba wannan ƙarama, tana hana ogzilari shiga da fita, domin gaba da baya ba sa juyawa daidai. Tayoyin huɗu su zama lamba ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, iskarsu yadda aka rubuta a jikin motar.

Gwaji biyu da jak

Waɗannan gwaje-gwaje ba sa bukatar na'ura. A tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, a kashe inji, a ja birkin hannu, a kafa wa tayoyin baya duwatsu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi mota na kan jak kaɗai, kuma a sani idan ƙaramar giya na kan N, motar na iya gangarawa ko da babbar giya na ciki.

Gwajin farko na tiransifa ne. A sa makullai a FREE, babbar giya a lamba ɗaya, ƙarama a H2, a kama farfelar gaba da hannu a juya. Ya kamata ta juya salin-alin. A mayar da sanda H4 a sake gwadawa. Yanzu ya kamata ta ɗan motsa ta cije. Idan har ta ci gaba da juyawa, laifin na sama ne, kuma ko a nan a fara duba robar da ke gindin sandar. Idan ta cinye, sandar sai ta riƙa lilo ba ta tura komai. Noti kaɗan za a kwance daga cikin mota a canza ta.

Gwaji na biyu na gaba ne. A mayar da sanda H2, a kulle makullai biyu, a ɗaga tayar gaba ɗaya a juya ta da hannu. Farfelar gaba ya kamata ta juya tare da ita. A sauke, a ɗaga ɗayar. Idan farfela ta ƙi motsi, ko dai makulli ɗaya bai kama ba, ko sandar aksul ta karye.

A nan ne makaniken kirki kan ce, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna, bari mu buɗe kan tayar nan kafin a yi maganar sauke giyabos." Noti shida ne ke riƙe da murfin makullin. Yana buɗewa sai ga tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu da ruwan damina ya daskare kamar ƙuli-ƙuli, ya riƙe sifirin da haƙoran da ya kamata su zame su kama. Zai wanke su da kananzir, ya goge, ya shafa giris kaɗan, domin cika shi da giris ma yana hana shi zamewa, sannan ya mayar da murfin yana kan FREE da sabon gasket. Aikin awa guda, mota ta dawo da ƙafafunta huɗu.

Masu haɗa kansu

Motar da ba ta da makulli a taya, tata cutar daban ce. Mai aiki da iska, ƙananan tiyon roba ne ke bushewa su tsage saboda zafin watan Afrilu da Mayu, ko a zare su wajen gyaran inji a manta ba a mayar ba. Mai aiki da lantarki kuwa, alamarta fitilar ogzilari ta riƙa ƙiftawa a dashbod ba ta tsaya ba. A fara da fiyus, sai soket ɗin da ke jikin aksul, wanda laka da tsatsa ke cinyewa, sai makunnin da ke jikin tiransifa. Sai an wanke waɗannan daga zargi sannan a aika Ƙofar Ruwa a Kano neman ɗan injin.

Duk motar da ta ratsa ruwa mai zurfi, a buɗe notin man aksul da na tiransifa a duba. Idan man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabon man giya, ba baƙin man inji ba.

Laifin direba

Wata matsalar ba ta motar ba ce. L4 ba ya shiga sai an tsaya an taka kuloci. Mai neman tura shi mota na gudu, haƙoran giya yake ci. Haka kuma wanda ya fito daga daji ya hau kwaltar Daura da ogzilari a ciki, zai ji sitiyari ya yi nauyi a kwana, tayoyi na kuka, sandar ta ƙi fita. Dalili shi ne a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, a rairayi suna zamewa su huce, a kwalta kuwa ba inda za su huce sai a jikin ƙarfe. Maganinsa a yi ribas a miƙe na 'yan mitoci, ko a sauka gefen titi kan ƙasa, sandar za ta saki. Ba a dukanta da guduma.

A sani kuma ko da komai lafiya, motar da ta ɗage a kwazazzabo za ta iya juya taya ɗaya a gaba, ɗaya a baya, sauran biyun na tsaye. Haka aksul yake aiki, ba lalacewa ba ce. A rairayi, rage iskar taya ya fi taka totur amfani, in an fito a mayar da iskar.

Littafin da Toyota ke bayarwa tare da irin waɗannan motoci ya ce a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 kowane wata da ƙafa huɗu, don mai ya zagaya kayan gaba. Mazaunin Katsina ba ya rasa hanyar ƙasa a bayan gari da zai yi haka. Gwajin jak kuwa lokacinsa watan Mayu ne, kafin ruwan farko, sa'ad da gareji ba layi kuma akwai sararin aikawa Kano idan wani abu ya ɓaci.